Tukunyar da Inna ke kifewa ran Asabar

Mun binne Inna ranar Talata da hantsi, a 'yar maƙabartarmu ta Kirista da ke bayan gari. Sai ranar na san yawan jama'arta. Majami'armu ta Sabon Birni ƙarama ce, ko ranar Kirsimeti ba ma cika ta, amma ran nan sai da aka fito da benci waje. Matan zumunta suna ciki suna waƙa suna buga tulu. Direbobin tasha da 'yan kamasho kuwa suka yi cirko-cirko a inuwar dogon yaro, ba su shiga ba, ba su kuma tafi ba. Da aka fito da akwatin gawar, su suka buɗe bayan mota, wani ya cire hularsa ya kaɗe ƙurar wurin kafin a ajiye ta.

Ba zan faɗi sunanta ba. Uwar mijina ce, tana da rai bakina bai taɓa kama sunan ba, ba kuwa yanzu zai fara ba. Inna nake ce mata. A tasha, inda ta yi shekara da shekaru tana sayar da tuwo, Innar tasha suke cewa.

Ƙanenta ya taso daga Turba duk da halin da hanya ke ciki. Musulmi ne kamar sauran danginta, bai shiga majami'a ba, amma shi ya zauna a tabarmar ƙofar gida yana karɓar gaisuwa. Na ji shi yana gaya wa fastonmu: “Tun muna ƙanana ban taɓa ganin ta zamne ba. Uwarmu ta yi hwaɗa har ta gaji. Addinin ga da tak kama, ban so shi ba, kai ma ka sani. Amma shi ɗai yaz zamnar da ita.” Ya faɗa yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Aminiyarta mai fura, wadda rumfarta ke jingine da tamu, wadda nake kira Gwaggo, ba ta yi kuka ba. Ta zauna a lungun ɗaki da carbinta, duk wanda ya ce mata ya haƙuri sai ta ɗaga kai kawai.

Wani tsohon direba ne ya tsaya a gabana, wanda ya fara cin tuwon Inna tun gashinsa na baƙi. Ya ba da labarin yadda take hana shi kwano sai ya wanke baƙin man hannunsa da toka, aka yi dariya. Sai ya rage murya ya ce, “Ɗiyata, ba don rashin kunya ba. Yanzu ran Lahadi mi za a yi? Buɗewa za ki yi, ko kihe tukunyar za ki ci gaba da yi?”

Kowa a wurin ya san ba tuwo yake tambaya ba. Mijina, ɗan Inna ɗaya tilo, direba ne. Shekarun baya ya ɗauki fasinja ya kama hanyar Isa, har yau bai dawo ba, ba a ga gawa ba, ba a ji murya ba. A garin nan kuwa labarin waɗanda 'yan bindiga suka kora daji a bakin direbobi yake zuwa, kuma direba ba ya sakin baki sai ya zauna da malmala a gabansa. Daga Litinin zuwa Asabar ina kwasar tuwo ina kasa kunne. Ran Lahadi kuwa tukunyar Inna na kife, benci ya zama wayam, duk wanda ya zo da magana sai ya wuce da abarsa. Ban taɓa yarda da wannan a raina ba. Yanzu ga shi babu mai hana ni buɗewa.

Na ce wa direban, “Allah ya kai mu Asabar ɗin, Baba.”

Ni a Isa aka haife ni, a gidan Kirista. Bangaskiya gadonta na yi kamar yadda ake gadon kwanon uwa, ban taɓa tambayar yadda aka samo ta ba. Inna kuwa da girmanta ta same ta, shi ya sa take riƙe ta da hannu biyu.

Da aka kawo ni gidanta tsoronta nake ji. Mace ce doguwa, busasshiya, mai saurin tafiya, ga zanen Gobirawa a kumatu. Idan tana tuƙi, muciya a hannunta sai ka ce da ita aka haife ta. Ido ɗaya na kan wuta, ɗaya na kan miya, amma ta san wanda ya zauna bai gaishe ta ba. Ranar da na fara tuƙa tuwo a gabanta ya yi gudaji, ta ɗaga mara ta duba, ta ce, “Wanga in munka ba direba, ba shi buƙatar dutsin tare taya.” Na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da yamma kuwa na tarar ta ajiye mini tsokar da ta fi kowace laushi, ta rufe da faifai.

A bakin murhu ta ba ni labarin yadda abin ya faro, guntu-guntu, don Inna ba ta ba da labari a zaune. Mijinta ya mutu ya bar ta da yaro a baya. Ta kafa murhu a tasha, kullum tana tashi kafin zakara, ba ta komawa gida sai ƙafa ta kumbura. Ba Juma'a, ba Sallah, ba ciwo. Wata rana tafasasshen talge ya kwaro mata a ƙafa. Ta yi makonni a kwance a asibiti, kullum tana neman sulalewa ta koma tasha. Wata ma'aikaciya Kirista da ke wanke mata ƙunar ta gaji da kamo ta a bakin ƙofa, ta ce mata, “Baiwar Allah, ke ce ke riƙe da duniya?” Ita ce ta gaya mata cewa Yesu Almasihu yana kiran waɗanda suka gaji, waɗanda kaya ya yi wa nauyi, su zo wurinsa su huta.

Inna ta ce mini, “Ni tun da anka haihe ni, kowa yak kira ni, wani abu shika so in kawo mai. Ruwa, wuta, tuwo. Ran nan nij ji wani na kira na in taho hannu rabbana, in zamna. Sai nic ce, wanga wane iri na?”

Ba nan take ta karɓa ba. Ta daɗe tana zagaye. Ran Lahadi takan ɗora tukunya, ta ce wa Gwaggo ta duba mata wuta, ta ruga ta tsaya bayan tagar majami'a tana saurare. Ko bayan da aka yi mata baftisma haka take yi, rabin sujada ta zame. Ta ce, “Jikina na majami'a, hancina na tasha. Ana addu'a ni ina jin ƙauri.” Ranar da tuwo ya ƙone ƙurmus, ita kuma ba ta iya tuna ko kalma ɗaya daga wa'azin ba, ranar ta gane ba za ta iya riƙe biyun a hannu ɗaya ba.

Asabar ta gaba da la'asar ta kankare ƙanzo, ta wanke tukunyar, ta kife ta a kan duwatsun murhu. Babbar tukunyar dalma ce da fatake suka kawo mata daga Maraɗi, mai kunne biyu. Na taɓa tambayarta me ya sa sai an kife, ai rufewa ma ta isa. Ta ce, “In tana zamne baki buɗe, kira na takai. Ko ina gida ina jin ta.”

Abin bai zo mata da sauƙi ba. Dangi sun ɗauke ƙafa shekaru. Wasu masu ciniki sun koma wata rumfa, ko da yake miyar kukarta ta dawo da yawancinsu. Wasu suka ce asiri ne take binnewa a ƙarƙashin tukunyar, har wani ɗan kamasho ya taɓa ɗagawa ya leƙa, ya ga toka. Ba ta taɓa rama magana ba, ba ta kuma taɓa zagin addinin kowa ba. Da azumi ba ta ɗora girki a gaban masu ƙishirwa sai rana ta yi sanyi, kuma kunun tsamiyarta na shan ruwa ba na sayarwa ba ne. Ita da Gwaggo kullum suna tsokanar juna. Gwaggo ta ce, “Ke dai ragganci kis samo, kis sa mai suna ibada.” Inna ta ce, “To taho mu yi raggancin tare, in ga ko kina iyawa.” Kuma duk Asabar takan rage tuwo da gangan, ta rufe a kwano ta bar wa Gwaggo, ko wani zai sauka da yunwa ran Lahadi. Lokacin da mutanen Gatawa suka yi ta shigowa gudun hijira da 'ya'yansu da 'yan ƙullin kaya, wannan kwanon ya zama babbar roba.

Akwai kuma wani ɗan hutu da take yi kullum, wanda na daɗe ban lura da shi ba. Idan an gama tuƙi, akan rufe tuwo a bar shi ya sulala. Ni a wannan ɗan lokacin nake wanke kwanuka, in yanka albasa, in kori awaki. Ita kuwa sai ta jingine muciya, ta zauna a kan turmi, ta buɗe tafin hannuwanta a kan gwiwa, leɓenta na motsi. Motoci na hon, ana kiran fasinja, ana rigimar kaya, ita tana zaune. In wani ya matsa mata sai ta ce, “Tuwo bai nuna ba, ni ma ban nuna ba. Jira.”

Sai ga shekarar da hanya ta lalace, aka kuma rufe layin waya. Mijina ya fita da safe kamar kullum, ya tsaya a rumfa ya sha koko a tsaye, Inna ta yi masa faɗan rashin zama. Da yamma motarsa ba ta shigo ba. Washegari aka ga motar a gefen hanya, ƙofofi a buɗe.

Makon nan ban san ina da ƙafa ba. Duk motar da ta tsaya sai na tare direban da kwano, ci kawai, me ka gani, me ka ji. Wani ya ce an ga an kora mutane gabas. Wani ya ce wani ya kuɓuto yana wani ƙauye, gobe za a kawo shi. Da wannan goben nake rayuwa. Asabar ta zo, la'asar ta yi, sai na ga Inna ta ɗauko toka da soso tana wanke tukunya kamar kowace Asabar.

Na ce, “Inna, ba dai kihewa za ki yi ba?”

Ta ce, “Yau Asabar.”

Na kama kunnen tukunyar na riƙe. Ban taɓa ɗaga murya a gabanta ba sai ranar. Na ce, “Ɗanki na daji! Gobe ana iya zowa da labari nai, a ishe wurin ga babu kowa. Wane irin hutu na wanga? Wace uwa ka hutawa?”

Ta dube ni har na ji kunya ta fara kama ni, amma ban saki ba. Ta ce, “Ni nis san zahin haihuwa tai, ba ke ba. Kina tsammanin kunnena da naki su ka riƙe da rai nai? In na buɗe gobe, ba ni ƙara kihe ta har in mutu. Kuma za ni mutu ina sauraren ƙarar mota.”

Ta cire yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga tukunyar ita kaɗai. Sai tukunyar ta kufce ta bugi dutsen murhu, ƙarar ta sa duk tasha ta waiwayo. Ta gyara ta, ta ɗauki mayafinta, ta tafi.

Na ji haushinta ƙwarai, ba zan ɓoye ba, kuma har yau ban ce ban yi gaskiya ba a ranar. Ran Lahadi na kwanta a ɗaki na juya wa ƙofa baya. Matan zumunta suka gaya mini daga baya cewa ta je sujada, ta zauna a wurinta na bakin taga, ba ta iya yin waƙa ba, amma ba ta fita ba sai da aka tashi.

Mun daɗe ba ma magana sai ta aiki. Miƙo mara. Ƙara wuta. Wata rana tuwo na sulala, ta ce in bar kwanukan in zo. Ta gusa ta ba ni wuri a kan turmi, muka zauna kafaɗa da kafaɗa. Ta ce, “Ɗiyata, kada ki ce ba ni saurare. Kowace mota tat tsaya, sai na ɗaga kai na duba. Amma in na kama tukunyar ga ran Asabar, ce mai nikai: Ubangiji, ga shi nan, riƙe min shi sai Litinin. Ran Litinin in ɗauki abina, don ni mutum ta, ban iya bar mai duka ba. Kwana guda dai nika iyawa. Shi ko bai taɓa ce min ya gaji ba.”

Na yi kuka a kafaɗarta har tuwo ya nemi kamawa. Daga ranar na koma bin ta sujada, muka koma dariya. Amma hannuna bai ƙara taɓa tukunyar ran Asabar ba. Da tuwo ya ƙare sai in ce zan je in yi wa yara wanki, in bar ta da abarta. Ba ta taɓa cewa in tsaya ba. A majami'a kuma ina zaune ne kawai, kunnena na kan titi.

Haka shekaru suka tafi. Bayanta ya ranƙwafa, tuƙi ya dawo hannuna, ita tana kan miya da faɗa. Jikokinta suka yi wayo, babban ya fara kama da ubansa har wani lokaci takan kau da kai in ya shigo. Ba ta taɓa cewa ɗanta ya mutu ba, ba ta kuma taɓa yi mini alkawarin zai dawo ba.

Ba ta yi jinya ba. Ran Lahadi muka dawo daga sujada, ta ci ɗumame, ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida ta ce za ta ɗan miƙe. Da la'asar na je tashinta. Fasto ya ce ta yi barci cikin Ubangiji. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ta miƙa kayanta ran Asabar, kuma Litinin ba ta same ta ba balle ta sake ɗauka. Na yi mata murna, na kuma ji kewarta kamar raina zai fita.

Bayan an share makoki na koma tasha. Na tarar da tukunyar yadda ta bar ta, a kife. Wasu 'yan kamasho suka taya ni ɗaga ta, na hura wuta. A cikin makon sai magana ta fara yawo cewa an sako wasu mutane da suka daɗe a daji, wai ran Lahadi za a biyo da su ta tasha. Irin wannan magana mun sha jin ta, sau da yawa ba ta zama komai. Amma duk lokacin da na ji ta sabuwa take zame mini. Na sayi itacen Lahadi, na kai niƙa, na ce a raina Inna ta yi nata, ni zan yi nawa.

Asabar da la'asar na kankare ƙanzo, na wanke tukunyar, na mayar da ita kan murhu baki sama. Ina ɗaure mayafi sai ga Gwaggo ta fito daga rumfarta tana jan ƙafa. Ta sunkuya ta kama kunne ɗaya, ta ɗago kai ta dube ni.

Ta ce, “Kama.”

Na ce, “Gwaggo, ba ki ji abin da aka cewa ba? Gobe…”

Ta ce, “Na jiya. Ke kina tsammanin tsohuwar ga ita ɗai ka kihe wagga tukunya? Tun shekarun da bayanta yak ƙiya, ni ka kama mata, ke kin tahi wankinki.” Ta numfasa. “Kuma tun ran da yaron ga yab ɓace, babu Lahadin da ban hito ba. Hura ba ta da Lahadi. Duk direban da yas sha hurata sai na tambaye shi. Ba ita tas sa ni ba.”

Na ce, “Ta sani?”

“Ta sani mana. Amma ko sau guda ba ta taɓa tambaya ta ran Litinin ba. Sai dai ta ce min ina kwana. Ta san in da magana, ba ni jiran Litinin, ƙohwar majami'arku za ni zo in tsaya, ko limaminku na tsakar wa'azi.” Sai a lokacin na ga hawayen da ba ta yi ba ranar jana'iza. “Ni addininku ba nawa na ba. Amma na ga abin da yay yi ma aminiyata. Kama, ɗiyata, bayana na ciwo.”

Na kama. Ban taɓa jin tukunyar ta yi nauyi haka ba. Muka juya ta a hankali, ta zauna a kan duwatsun ba ƙara. Na ɗora tafin hannuna a gindinta, da sauran ɗuminta, na faɗi abin da Inna ke faɗa. Muryata ba ta fita sosai ba, amma na faɗa har ƙarshe, har sai Litinin.

Washegari na zauna a wurinta na bakin taga. Mota ta wuce a titi, na ji ta har cikin ƙirjina. Wata ta wuce. Matan zumunta suka ɗauki waƙar da Inna ke yi in tana tuƙi, na bi su. Can sai na farga an kai ƙarshen waƙar, kuma ban san motocin da suka wuce ba.

Gwaggo ba ta zo ƙofa ba. Na koma gida, na shimfiɗa tabarmar Inna a gindin darbejiya, na yi barcin da rabona da irinsa tun ranar da ɗanta ya sha koko a tsaye.

Huta, Inna. Na kife ta.